Sinadaran antioksidan a abincinmu: tambayoyi da amsoshi

Kalmar antioksidan ta cika tallan shayi, sabulu, garin zogale da ƙwayoyin bitamin. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi game da ita, tun daga ma'anarta har zuwa abin da ke faruwa da ita a cikin tukunya.

Mene ne antioksidan?

A yanka yalo ko doya a bar shi minti goma a faranti, za a ga wurin yankan ya yi duhu. Ƙarfen da aka bari a raɓa yana tsatsa. Man gyaɗan da ya daɗe a buɗe yana canza wari. Duk wannan aikin iskar oksijin ne. In kuwa aka matsa lemun tsami a kan yalon nan tun ana yankawa, zai daɗe da farinsa, domin bitamin C da tsamin da ke cikin lemun sun tare abin.

Irin haka na faruwa a jikin mutum. Ƙwayoyin halitta suna ƙona sukari da kitse da oksijin don samar da ƙarfi, dare da rana. A cikin wannan ƙuna, ɗan kaɗan daga oksijin ɗin yana kuɓucewa a siffar da ba ta zama wuri ɗaya, wadda masana ke kira radikal. Radikal yana da giɓin wani ɗan ƙaramin ɓangare guda da ake kira ilektiron, don haka duk abin da ya tarar kusa sai ya fizge daga jikinsa: kitsen bangon ƙwayar halitta, furotin, ko kundin gado na DNA. Wanda aka fizge wa shi ma ya koma mai fizga, abin ya yi ta bin juna kamar wutar daji. Antioksidan shi ne duk wani sinadari da zai miƙa wa radikal abin da yake nema ba tare da shi kansa ya zama mai ɓarna ba, sai wutar ta tsaya a nan.

Idan ɓarnar ta fi kariya yawa na tsawon shekaru, tana da hannu a toshewar jijiyoyin jini, yanar ido, lalacewar ƙoda da jijiyoyin masu ciwon sukari, da wasu nau'o'in cutar kansa. Hannu muka ce, domin babu ɗaya daga cikin cututtukan nan da ke da dalili guda.

To jiki ba shi da tasa kariyar ne, sai ya jira abinci?

Yana da ita, kuma ita ce ke ɗaukar mafi nauyin aikin. Jiki na ƙera wasu enzayim, wato sinadaran da ke hanzarta ayyukan cikin jiki, irin su SOD da katales, yana kuma ƙera wani sinadari mai suna gulutatayon a kusan kowace ƙwayar halitta, musamman a hanta. Sai dai kayan ƙirar daga abinci suke zuwa. SOD na buƙatar zinki, tagulla da manganis. Katales na buƙatar sinadarin ƙarfe. Enzayim ɗin da ke aiki da gulutatayon na buƙatar seleniyam, shi kuma gulutatayon daga furotin ake gina shi. Ke nan wake, ƙwai, kifi, gyaɗa da nama suna cikin lissafin, duk da cewa ba a cika tallata su da sunan antioksidan ba. Yaron da ke fama da tamowa kariyarsa tana ƙasa ƙwarai, kuma ƙarancin furotin na cikin manyan dalilai.

Wani abin da tallace-tallace ba sa faɗa shi ne radikal na da amfaninsa. Fararen ƙwayoyin jini da shi suke kashe ƙwayoyin cuta. Lokacin motsa jiki ma tsoka na fitar da shi, kuma wannan ce alamar da ke sa jiki ƙara ƙera tasa kariyar. A 2009 an yi wani gwaji a Jamus inda aka bai wa samari masu atisaye miligiram 1000 na bitamin C da IU (ma'aunin ƙarfin bitamin) 400 na bitamin E kullum. Waɗanda suka sha ƙwayoyin ba su samu gyaruwar aikin insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, da atisaye ya kawo wa sauran ba. Abin da ake nema daidaito ne tsakanin ɓangarorin biyu.

Me ke ƙara yawan radikal a jiki?

Taba sigari da shisha su ne kan gaba. Sai hayaƙin itace ko gawayi a madafin da ba shi da taga, hayaƙin janareto da na ababen hawa, barasa, sukarin jini da ya daɗe a sama, ƙiba mai yawa, ciwon da ya daɗe yana cin jiki, da man suya da aka yi ta maimaitawa. Rage waɗannan ya fi duk wani abu da za a ci tasiri. Mai zuƙar kara ashirin a rana ba zai goge ɓarnar da kwanon zogale ba.

Waɗanne abinci ne a kasuwanninmu ke ɗauke da su?

Antioksidan dangi ne masu yawa, kowanne da inda yake aiki.

Bitamin C yana narkewa a ruwa, yana aiki a cikin jini da ruwan jiki. A kowane giram 100, gwaiba na da sama da miligiram 200, ɗanyen jan tattasai sama da 120, gwanda kusan 60, lemun zaƙi kusan 50, mangwaro wajen 35, tumatir wajen 14. Farin garin 'ya'yan kuka yakan zarce lemo nesa, sai dai adadin na bambanta daga bishiya zuwa bishiya. Namiji baligi na buƙatar kimanin miligiram 90 a rana, mace 75, mai shan taba ya ƙara 35. Gwaiba ɗaya madaidaiciya ta biya wannan.

Dangin karotin su ne masu ba da launin ja, ruwan ɗorawa da ruwan lemo. Bita-karotin, wanda jiki ke juyawa zuwa bitamin A, yana cikin manja, karas, kabewa, mangwaro, gwanda, da dankalin Hausa mai jan ciki. Yana cikin zogale, alayyahu, rama, tafasa da ganyen kuka ma, koren ganyen ne kawai ya rufe launinsa. Laikofin shi ne jan tumatir da kankana. Lutin, wanda ke taruwa a tsakiyar tantanin gani na ido, yana cikin koren ganye da gwaiduwar ƙwai. Dukkansu a mai suke narkewa, don haka sai da ɗan maiƙo hanji ke iya ɗaukarsu. A nan girkinmu na gargajiya ya dace: miyar taushe ta haɗa kabewa da ganye da gyaɗa, kwaɗon zogale ya haɗa ganye da ƙuli-ƙuli da mai.

Bitamin E shi ke tsare kitsen bangon ƙwayoyin halitta. Ana buƙatar miligiram 15 a rana. Babban cokali na man gyaɗa yana da kusan 2, giram 100 na gyaɗa kusan 8. Manja da piya ma suna da shi.

Sai dangin folifenol, waɗanda sun kai dubbai: jan launin zoɓo, ɗacin goro, baurin shayi da kofi, abin da ke cikin albasa, citta, kanumfari, tsamiya, fatar wake da dusar jar dawa. A hatsi galibinsu suna cikin dusa, shi ya sa surfe mai tsanani ke tafiya da su.

Seleniyam kuwa maikirogiram 55 ake buƙata. Ƙwai ɗaya na da kusan 15, kifi da nama da hanta sun fi haka.

Nawa ya kamata mutum ya ci a rana?

Babu wani ma'auni na jimillar antioksidan da aka ɗora wa mutum. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar shi ne aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa kullum ga baligi, wato kaso 5 na giram 80. Dankali, doya da rogo ba sa cikin wannan lissafi.

Kaso ɗaya shi ne lemo ɗaya madaidaici, ko gwaiba babba, ko rabin mangwaro babba, ko yankan kankana mai faɗin tafin hannu, ko tumatir ɗaya, ko babban cokali uku a cike na dafaffen ganye. Inda ake yawan ruɗuwa shi ne miya. Tukunyar da aka sa wa ɗauri biyu na alayyahu aka raba wa mutum goma, kowa bai samu ko rabin kaso ba. Gyaran shi ne ganyen ya zama shi ne jikin miyar, ko a yi kwaɗo ko dambun zogale a gefe.

Misalin yini: gwaiba ko lemo bayan koko da safe, kwaɗon rama ko zogale da rana da yankan tumatir da albasa a kai, karas ko mangwaro da la'asar, miyar taushe mai kaurin ganye da dare. Kowane lokaci na shekara da nasa mai arha. Damina ganye ne, kaka da hunturu lemo, tumatir, karas da kabeji na noman rani, bazara mangwaro da kankana.

Ina sa kanwa a ganye da wake don su yi laushi. Da matsala?

Da matsala, kuma a ganinmu nan ne aka fi asara a gidajenmu. Bitamin C na jure tsami amma ba ya jure kanwa ko bakin soda, nan da nan yake rushewa a cikinsu. Haka bitamin B1 da ke cikin wake da hatsi. Abin da ke yaudarar ido shi ne kanwa na sa ganye ya yi kore shar, sai a ɗauka ya fi lafiya. Ga kuma sodiyam da ke cikinta, wanda mai hawan jini ke ƙoƙarin ragewa.

Ga wake, ki jiƙa shi awa 8 zuwa 12, ki zubar da ruwan jiƙon, ki dafa da sabon ruwa. Zai nuna da wuri ba kanwa, kumburin ciki ma ya ragu. Tumatir da duk wani abu mai tsami su jira sai waken ya yi laushi, domin tsami na hana shi nuna.

Ga ganye, matakan su ne:

Ki wanke shi tun bai yanku ba. In aka yanka sannan aka jiƙa a ruwa, bitamin C na zubewa ta bakin yankan. Ki yanka dab da sawa a wuta. Ruwan ya zama kaɗan, kuma ya riga ya tafasa kafin ganyen ya shiga. Ki rufe tukunya. Alayyahu da kabeji minti 3 zuwa 5 sun isa, zogale da rama da tafasa sukan kai 10 zuwa 15, musamman in ganyen ya tsufa, don haka ki zaɓi matashin ganye. Tafasa ganye cikin ruwa mai yawa a tsiyaye a matse na iya tafiya da rabin bitamin C ko fiye. In dole sai an tsiyaye, ruwan zogale ana shansa ko a zuba a miya. Turarawa a madambaci ya fi tafasawa. A miya kuma ganye ne zai shiga ƙarshe, bayan nama da kayan miya sun nuna.

Ɗumame sau biyu sau uku yana ƙarasa abin da ya rage na bitamin C. Ba laifi a ci ɗumamen, a dai haɗa da wani abu ɗanye.

Ashe ɗanye ya fi dafaffe ke nan?

Ga bitamin C, e. Ga dangin karotin kuwa dahuwa taimako ce, domin zafi na fasa bangon ƙwayoyin tsiron ya saki abin da ke ciki. Laikofin ɗin tumatirin da aka soya da mai ya fi na ɗanye shiga jiki, karas da kabewa ma haka. A riƙa haɗa duka biyun. Ɗanyen ganye irin latas da lansir a wanke shi ganye-ganye da ruwa mai tsabta, domin wasu lambunan bakin gari da ruwan kwata ake ban-ruwansu, kuma taifot ko tsutsar ciki sun fi ƙarancin antioksidan saurin kwantar da mutum.

Me ya sa ake hana soya manja har ya yi fari?

Jan launin manja shi ne karotin ɗin kansa. Kilo ɗaya na manja mai kyau na ɗauke da wajen miligiram 500 zuwa 700, adadin da kaɗan ne cikin abinci ke kaiwa. In aka bar shi a wuta har ya yi hayaƙi ya washe, karotin ɗin ya ƙone, bitamin E ya ragu, abin da ya rage kitse ne da ya fara lalacewa. Mai gudun gafin manja ya narkar da shi a wuta kaɗan, ya jefa albasa tun bai yi hayaƙi ba, minti ɗaya zuwa biyu. Manja na da daskararren kitse mai yawa, kusan rabinsa, don haka cokali ɗaya zuwa biyu ga mutum a rana ya wadatar.

Man suyar ƙosai, awara ko kifi da ake ƙara sabo a kan tsoho kwana da kwanaki shi ne akasin antioksidan. Alamomin lalacewarsa: ya yi duhu, ya yi kauri da danƙo, yana kumfa, yana hayaƙi tun bai yi zafi sosai ba. In biyu daga cikin waɗannan suka bayyana a zubar. A gida, a tace mai bayan suya, a rufe shi nesa da rana, kada ya wuce suya biyu ko uku.

Busasshen zogale da kuka suna da sauran amfani?

Suna da shi, musamman ƙarfe, kalsiyam, furotin da wani kaso na karotin. Bitamin C ne ke raguwa sosai ko yaya aka busar. Shanya a tsakar rana kan tabarma na cinye karotin, alamar ita ce ganyen ya koma ruwan toka ko ruwan ƙasa. A shanya a inuwa mai iska, a baza shi ba kauri, a riƙa juyawa, cikin kwana 3 zuwa 5 a lokacin rani zai bushe da korensa. A adana a mazubi mai murfi da haske ba ya ratsawa, a daka kaɗan-kaɗan gwargwadon buƙata, domin gari ya fi ganye saurin shan iska. A yi ƙoƙarin ƙarar da shi cikin wata shida.

Zoɓo fa? Ana cewa yana sauke hawan jini.

Akwai gaskiya a ciki. Jan launinsa wani folifenol ne mai suna antosayanin. A wani gwaji na Jami'ar Tufts da ke Boston, wanda aka wallafa a 2010, mutum 65 masu hawan jini mara tsanani sun shiga. Waɗanda suka sha kofi uku na zoɓo kullum na mako shida, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kusan 7, ta sauran kuwa da kusan 1. Taimako ne na gaske, amma bai kai a ajiye maganin likita ba. Mai shan maganin hawan jini da ya fara shan zoɓo kullum ya riƙa awo, kada jinin ya sauka fiye da kima ya kawo jiri.

Inda ake ɓata shi shi ne sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kusan giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12, kuma gorar zoɓon sayarwa ɗaya na iya cinye rabin wannan. Tafasa mai tsawo na rage launin da amfanin, kanwar da wasu ke sawa don kashe tsami ma haka. A ɗauraye, a zuba tafasasshen ruwa a rufe minti 10 zuwa 15, a sa citta da kanumfari ko abarba don ɗanɗano. Wani bincike a Sudan a 1994 ya nuna zoɓo da tsamiya da ruwan lemun tsami na rage shigar kulorokwin cikin jini. Magani dai da ruwa zalla ake shansa.

In antioksidan na da amfani haka, me zai hana in sayi ƙwayoyinsa in huta?

Masana ma haka suka zata. Bincike ya yi ta nuna masu yawan cin ganye da 'ya'yan itace sun fi tsira daga ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da wasu kansa, sai aka ce bari a ciro sinadaran a ba mutane kai tsaye. Sakamakon ya girgiza kowa.

A Finlan an gwada maza 29,133 masu shan taba. Waɗanda aka bai wa miligiram 20 na bita-karotin kullum, kansar huhu ta ƙaru a cikinsu da kashi 18 cikin 100. An wallafa wannan a 1994. A Amurka wani gwajin mai mutum 18,314, masu shan taba da ma'aikatan da suka shaƙi ƙurar asbestos, an dakatar da shi a 1996 tun wa'adinsa bai cika ba, domin haɗin bita-karotin da bitamin A ya ƙara kansar huhu da kashi 28, mace-mace da kashi 17. Wani kuma mai maza 35,533 ya nuna a 2011 cewa IU 400 na bitamin E kullum ya ƙara kansar firostet, ƙullutun nan da ke ƙasan mafitsarar maza, da kashi 17. Gwajin likitoci maza sama da 14,000 a Amurka bai ga bitamin C ko E ya rage ciwon zuciya ba. A 2022 kwamitin Amurka mai ba da shawara kan rigakafi ya ce kada a sha bita-karotin ko bitamin E da nufin kare kai daga kansa ko ciwon zuciya.

Mai shan taba, ko wanda ya taɓa sha na shekaru, ya duba jikin kwalbar bitamin ɗinsa. In akwai bita-karotin mai yawa, ya bari. Karas da mangwaro ba su nuna wannan haɗari ba.

Bitamin C mai miligiram 1000 da ake jefawa a ruwa bai kai waɗancan haɗari ba, amma a wannan adadi hanji bai ɗaukar fiye da rabi, ƙoda kuma ta zubar da rarar a fitsari. Sama da 2000 a rana na kawo gudawa da murɗar ciki, kuma yawan shansa na ƙara haɗarin tsakuwar ƙoda ga maza. Ba ya hana kamuwa da mura ga yawancin mutane, yana dai ɗan rage kwanakinta ga mai shansa kullum.

Me ya sa abinci ke aiki, ƙwaya ba ta yi?

Na farko adadi. Ƙwaya ɗaya na ɗauke da ninkin-ba-ninkin abin da abinci ke bayarwa, kuma wasu antioksidan in suka yi yawa, musamman a huhun da ke cike da hayaƙi, sukan juya su zama masu ɓarnar da kansu. Na biyu, aikin na haɗin gwiwa ne: bitamin E in ya tare radikal sai bitamin C ya farfaɗo da shi, shi kuma gulutatayon ya farfaɗo da bitamin C. Cika ɗaya a bar sauran ba ya ƙara komai. Na uku, gwaiba ba bitamin C kaɗai ba ce. Tana da harza mai gyara hanji da rage saurin hawan sukari, tana da fotasiyam mai sauke hawan jini, kuma cikin da ta cika bai da wurin biskit da lemun kwalba. Folifenol ma kaɗan ne daga cikinsu ke shiga jini, kuma da alama babban aikinsu shi ne zaburar da jiki ya ƙera nasa enzayim da ciyar da ƙwayoyin hanji masu amfani.

Wannan ne ya sa lambobin ƙarfin antioksidan da ake bugawa a jikin kwali ba abin dogaro ba ne. A kwalbar gwaji ake auna su. Ma'aikatar noma ta Amurka da kanta ta janye jadawalin irin waɗannan lambobin, mai suna ORAC, a 2012 saboda ba ya nuna abin da ke faruwa a jikin mutum, kuma 'yan kasuwa na fakewa da shi. Babu dalilin sayen 'ya'yan itacen ƙasar waje mai tsada alhali ga gwaiba, ɗinya, kanya da magarya.

Babu inda ƙwayoyin ke da amfani ke nan?

Akwai, inda aka san akwai rashi ko wata lalura takamaimai. Ɗigon bitamin A da ake bai wa yara 'yan wata 6 zuwa 59 duk wata huɗu zuwa shida yana ceton rai da ido: IU 100,000 ga 'yan wata 6 zuwa 11, IU 200,000 ga waɗanda suka shekara. Yaro mai gudawa ana ba shi zinki miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14 tare da ruwan gishiri da sukari, miligiram 10 in bai kai wata shida ba. Tsofaffi masu wani mataki na lalacewar tsakiyar tantanin ido, likitan ido na iya rubuta musu wani haɗin ƙwayoyin antioksidan da zinki mai suna AREDS, wanda ya rage tsanantar ciwon da kusan kashi 25. Haɗin ba ya hana ciwon farawa ga mai lafiyar ido. Wanda dasashinsa ke zubar jini, jikinsa na ɓurma da ɗan bugu kaɗan, rauni ba ya warkewa, bayan wata ɗaya zuwa uku ba ɗanyen abu a abincinsa, wannan yana buƙatar bitamin C a matsayin magani.

Mai juna biyu ta tsaya kan ƙarfe da folik asid na awo. An gwada bitamin C da E don hana hawan jinin ciki mai kai wa ga jijjiga, ba su hana ba. Bitamin A na ƙwaya sama da IU 10,000 a rana na iya nakasa ɗan tayi.

Shayi na da antioksidan, amma an ce yana shan jini.

Ba ya shan jini, yana dai hana ƙarfen da ke cikin wake, ganye da hatsi shiga jiki in aka sha shi tare da abinci, domin baurinsa na ɗaure ƙarfen a hanji. Goro da kofi ma haka. Mai ƙarancin jini, mai ciki da yara su bar tazarar aƙalla awa ɗaya tsakanin abinci da shayi. Bitamin C kuwa akasin haka yake yi: matsa lemun tsami a kan wake ko kwaɗo na ƙara ƙarfen da jiki zai samu. Koren shayi na kofi ba matsala, amma ƙwayoyinsa na rage ƙiba wani abu ne daban. Hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta gano a 2018 cewa miligiram 800 ko fiye na sinadarinsa EGCG a rana na iya taɓa hanta.

Ɗana na da sikila, ƙanensa kuma an ce yana da ƙarancin G6PD. Me ya shafe su?

Su biyun jajayen ƙwayoyin jininsu sun fi na kowa fuskantar wannan ɓarna. G6PD enzayim ne da jar ƙwayar jini ke dogaro da shi wajen sabunta gulutatayon. Ƙarancinsa gado ne, ya fi bayyana a maza, kuma yana da yawa a Afirka ta Yamma. Kariyar mai shi ita ce guje wa abin da ke fasa jinin: ƙwallayen kafur da ake sawa cikin kayan sawa, shafa wa jariri lalle, waken ful da ake ci a Sudan da Masar, da magunguna irin su firimakwin, dafson da naitirofurantoyin. Waken gida bai cikin wannan. Allurar bitamin C mai yawa ta jijiya ma na iya fasa jininsa. In idonsa ya yi ɗorawa, fitsari ya koma kalar shayi, jiki ya yi fari fat, asibiti ne nan take. A faɗa wa duk likitan da zai rubuta masa magani.

Mai sikila ya ci ganye da 'ya'yan itace sosai, ya sha ruwa, ya riƙe folik asid, rigakafin zazzaɓin cizon sauro da sauran abin da asibiti ya ɗora shi a kai. In ana yawan ƙara masa jini, ƙarfe na taruwa a jikinsa, bitamin C mai yawa kuma na iya tayar da ƙarfen nan ya cutar da zuciya. Kada a ba shi ƙwayar bitamin C mai ƙarfi ko maganin ƙarin jini mai ƙarfe sai da izinin likitansa.

Mai shan wasu magunguna fa?

Mai karɓar maganin cutar kansa na ruwa ko gashi, wato ƙona ciwon da haske mai ƙarfi, ya sani cewa gashi da wasu magungunan da radikal suke kashe ƙwayar kansar. Ƙwayoyin antioksidan masu ƙarfi na iya rage musu kaifi, don haka ya nuna wa likitansa duk abin da yake sha, har na gargajiya. Abinci na yau da kullum ba a hana shi ba. Mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, ya guji bitamin E na ƙwaya saboda zubar jini, ya kuma daidaita cin ganyensa. Ganye na da bitamin K, in yau an ci kwano biyu gobe an daina mako guda, awon jinin zai yi ta hawa da sauka.

Allurar gulutatayon ta hasken fata, tunda antioksidan ce, lafiya lau ce ke nan?

A'a. Babu ingantaccen gwaji da ya tabbatar da amincinta ko ɗorewar haskenta, kuma hukumar magunguna ta Filifin, inda abin ya yi ƙamari, ta yi gargaɗi a kanta saboda illa ga ƙoda, hanta da fata. Ƙari a kan haka, yawanci a shagon kwalliya ake ɗaura ta, inda allura mara tsabta ke iya shigar da ciwon hanta na B da C, ƙanjamau ko ƙwayar cuta kai tsaye cikin jini.

Tafin hannun 'yata ya koma ruwan ɗorawa tun da na fara ba ta karas da kabewa kullum. Shawara ce?

Ki duba farin idonta a hasken rana. In fari ne tas, tana wasa tana cin abinci, fitsarinta ba duhu, to karotin ne ya taru a fata, ya fi fitowa a tafin hannu, tafin ƙafa da gefen hanci. Ba ya cutarwa, domin jiki na juya karotin zuwa bitamin A ne gwargwadon buƙatarsa kawai. Ki rage zuwa sau uku a mako, ki riƙa canzawa da wake, ganye da gwaiba, launin zai washe cikin 'yan makonni. In kuwa idon ma ya yi ɗorawa, ko akwai zazzaɓi, kasala ko fitsari mai duhu, ki kai ta asibiti a ranar a duba jini da hanta.